Abin da Inna Ta Sha

Malama tana tsakiyar darasi, alli a hannu, ta ji wayarta tana ɓari cikin jaka. Ba ta ɗaukar waya a aji. Ta bari kiran ya yanke, ya sake shigowa, ya yanke, ya sake shigowa. Da ta leƙa ta ga Baba ne, sai ta ɗauka, don Baba ba mai kira ba ne. Ko magana na cin sa, yakan bari sai ita ta neme shi ƙarshen mako, wai kada ya katse wa mutane aiki.

"Uwata," ya ce. Haka yake kiran ta tun tana goye. Muryarsa ta dushe kamar ta wanda ya daɗe yana ƙwala wa wani kira. "Innarku ta sha wani abu. Muna babban asibiti."

"Me ta sha, Baba?"

"Ki dai taho."

Ta bar rabin jimla a allo, ta shaida wa shugaban makaranta a tsaitsaye, ta nufi tasha ko gida ba ta biya ba. Tsakanin garin da take koyarwa da garin iyayenta tafiya ce ta rabin yini, kuma duk tsawon hanya tambaya ɗaya take juyawa a ranta: me Inna za ta sha? Matar da ko ruwa aka ba ta a gidan mutane sai ta faki ido ta duba gindin kofin. Inna tela ce, ta tsufa a kan keke a ɗakin gaba na gidansu, kuma ba a taɓa ganin zare a ƙasan ɗakin nan ba. Baba kuwa gyaran keken ɗinki ne sana'arsa. Ta nan ma suka haɗu, kuma Inna ta sha faɗa tana dariya cewa da gangan yake barin wani noti bai ɗaure ba, don a sake aikawa a kira shi. Yanzu su biyu suka rage a gidan. Malama tana can, ƙaninta Auta kuma aiki ya kai shi wani gari da ya fi nata nisa.

Da la'asar ta isa. A bencin ƙofar ɗakin gaggawa ta tarar da maƙwabciyarsu, mace mai jiki da yawan magana, ta rungume filas a cinya.

"Sannu 'yata, sannu da hanya. Yau mun ga tashin hankali. Ina shanya na ji ihun babanki, muryar da ban taɓa jin ya yi ba. Na faɗa gidan na tarar da ita a ƙasa gaban kabad, ta riƙe ciki, sai amai take kelayawa. Robar nan mai tsotse laima tana gefe, an ɓalle murfin, ruwan ciki babu ko ɗigo. Ni dai na ruga na kawo madara na ɗura mata, na ce a sa mata yatsa a maƙogwaro ta ƙarasa amayarwa, babanki ya hana. Maigidana ne ya kwaso mu a mota."

Malama ce ta sayo robobin. Daminar bara da ta zo, ta ji yadukan Inna suna warin funfuna, ta shiga kanti ta sayo, ta jera su a ƙasan kabad da hannunta. Har bayani ta yi: ga farin abu a sama kamar gishiri, shi ke jawo laimar ɗaki, ruwa ya taru a ƙasa, idan ta cika a juye a masai. Inna tana tsaye tana gyaɗa kai.

Ta shiga. Inna ta ƙanƙance a kan gadon, kamar an rage ta. An manna mata wayoyi a ƙirji, ƙarin ruwa a hannu biyu, leɓɓanta sun bushe sun tsattsage. Na'urar da ke saman kanta tana ƙara a hankali, tana jinkiri kamar mai tunani kafin kowane bugu. Baba yana zaune a gefe, ya ɓalla maɓallan rigarsa a karkace.

Malama ta sunkuya. "Inna. Inna, ni ce. Sannu."

Inna ta buɗe ido da ƙyar, ta dube ta tun daga ɗankwali har wuyan riga.

"Sannu, baiwar Allah," ta ce, harshenta a nauyaye. "Ɗinki kika zo karɓa? Ba a gama ba."

Malama ta juya ta dubi Baba. Baba yana kallon ƙasa.

Likitan da ke kula da ita, mutum siriri mai furfura a gemu, ya ja Malama gefe kusa da taga. Ya yi mata magana a nitse, kamar wanda ya saba maimaita abu.

"Abin da ke cikin robar wani irin gishiri ne mai kalsiyam. Kalsiyam shi ne abin da ke ƙarfafa ƙashi da haƙori, kowa yana da shi a jini, amma ɗan kaɗan, a ƙayyade. Ita ta sha mai yawa lokaci guda, ya cika mata jini. Idan ya kai haka, bugun zuciya yana rikicewa, ƙoda tana wahala, jiki ya bushe, kai ma ya ruɗe. Ga shi kuma ruwan kansa yana ƙona ciki."

"Ba za a wanke mata cikin ba?"

"Wanda zai shiga jini ya riga ya shiga. Kuma babanki ya kyauta da ya hana a tilasta mata amai, don abin da ya ƙona wajen shiga zai sake ƙonawa wajen fita. Madarar ma kada a ƙara, ita ma tana ɗauke da kalsiyam. Ko ruwa kada a ba ta ta baki sai mun zura kyamara mun ga halin da cikin yake. Ta fitsari za mu kore shi. Shi ya sa kika ga ƙarin ruwa hannu biyu, ga allurar sa fitsari, ga wata kuma mai saukar da kalsiyam ɗin. Sai dai tsohuwa ce, ba za mu tura ruwa yadda muke so ba, kada ya taru mata a huhu. Idan ƙoda ta ƙi aiki, sai mu haɗa ta da injin wanke jini."

"Likita, ba ta gane ni ba."

"Wannan ma yana cikin ɓarnar kalsiyam. Idan ya sauka, yawanci mutum yana komawa yadda yake a da."

Malama ta riƙe wannan maganar da hannu biyu.

"Abu ɗaya nake so," in ji likita. "A kawo mini robar. Ina so in karanta abin da aka rubuta a jiki, in kuma ga girmanta."

Baba ya yunƙura zai tashi. "Bari in je da kaina."

Amma Inna ta damƙe hannun rigarsa, idonta a rufe, ta ƙi saki. Ya tsaya jim, sannan ya zura ɗaya hannun a aljihu ya ciro makullai. Malama ta san makullin gidansu guda biyu ne. Wannan kuwa dami ne, ƙanana da manya, har da nauyi. Ya miƙa mata bai dube ta ba.

Rana ba ta faɗi ba ta isa gidan. Abin da ta fara gani shi ne sakata a can saman ƙofar waje ta ciki, inda sai dogon mutum ya miƙa hannu. Ƙofar kicin da kwaɗo. Ta gwada makullai har ta dace, ta leƙa: an cire maƙunnan murhun gas duka, babu ashana, babu wuƙa ko ɗaya a inda wuƙaƙe suke zama. An kwance kan famfon tsakar gida. Madubin da ke bangon ɗakin Inna an juya fuskarsa ga bango.

Robar tana nan a gaban kabad, kusa da inda aka goge ƙasa da tsumma. Ta ɗauka ta sa a leda. Har ta juya za ta fita, sai ta hango ɗakin gaba a buɗe.

Keken Inna yana inda yake, an goge shi, an sa masa mai, yana ƙyalli. A gefensa yankakkun atamfa ne jibge, an linke su biyu-biyu kamar an gama ɗinki. Ta ɗauki ɗaya, sai ya rabu a hannunta. Ta ɗauki wani, shi ma haka. Babu zare a jikin ko ɗaya, babu ko hudar allura. Ta sunkuya ta duba kan keken. Babu allura a ciki, kuma gurbinta ya yi ƙura.

Ta zauna a kujerar Inna, ledar a cinya. Sai abubuwa suka riƙa zuwa mata ɗaya bayan ɗaya. Yadda a waya Inna ba ta wuce "lafiya lau, ya yara," sai Baba ya karɓe ya ce tana da aiki a gabanta. Yadda in ta zo sai ya hanzarta ta, wai ta kama hanya kada dare ya yi mata. Dama Inna ba mai kiran sunanta ba ce, "'yar nan" take ce mata tun tana ƙarama, saboda haka ba ta taɓa lura cewa sunan ya ɓace ba. Ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta mayar da yankakkun yadda ta same su, ta kulle duk abin da ta buɗe, ta koma asibiti. Ta ba likita robar, ta ba Baba makullansa. Ya dube ta, ta dube shi.

Washegari Auta ya iso da ƙurar hanya a jikinsa da hayaniya a bakinsa. Shi mutum ne da tsoro ke fito masa a faɗa.

"Wa ya kawo wannan guba gidan? Wane irin abu ne za a ajiye wa tsofaffi?"

"Ni ce," in ji Malama.

Auta ya ce, a hankali, "To amma Yaya, ta yaya Inna za ta sha? Ko ɗanɗanonsa ai ya isa ya hana mutum."

"Ƙaddara ce," in ji Baba. "Ka zauna, kana tare wa nas hanya."

Aka zura kyamarar. Likita ya ce cikin ya ƙone a wurare, amma bai huje ba, kuma wannan babban abin godiya ne. Za a ci gaba da hana ta abinci, ana ba ta maganin da zai rage zafin ciki ta jijiya. Amma jakar fitsarin da ke rataye a gefen gado ta ƙi cika. Malama ta koyi kallon ta kamar yadda ake kallon sama lokacin fari. Nas ta zo ta ɗaga jakar, ta duba, ta rubuta, ta tafi. Ƙafafun Inna suka fara kumbura, numfashinta ya fara yin nauyi, aka rage gudun ƙarin ruwan. Ana ɗibar jini safe da yamma. Kalsiyam ya ɗan sauka, ya tsaya.

Inna tana kwance tsakanin barci da farkawa. Idan ta farka, ruwa take roƙo. Baba ya jiƙa auduga ya shafa mata a leɓe. Ta tambaye shi ina ne nan, ya ce asibiti ne, ba ki da lafiya, amma kina samun sauƙi. Jim kaɗan ta sake tambaya, ya sake ba ta amsar, kalma bayan kalma, da murya iri ɗaya, babu gajiya babu mamaki. Auta yana ganin haƙurin tsoho ne kawai. Malama kuwa tana ganin hannun da ya saba.

Da likita ya ce lokacin injin ya yi, Auta ya tsorata, don a saninsa wanda aka fara wa wankin ƙoda ba ya rabuwa da shi. Likita ya ce wannan daban ne: ƙodar ba mutuwa ta yi ba, kaya ne suka yi mata yawa, injin zai sauke mata, ana sa rai ta farfaɗo. Baba ya sa hannu a takarda. Aka gangara da gadon zuwa wani ɗaki mai sanyi, aka sa mata bututu a gefen wuya. Jini ya fita ta siririn tiyo, ya zaga cikin injin, ya dawo. Auta bai iya kallo ba, ya fita. Baba kuwa ya matso da kujera yana bin abin da ke juyawa da ido.

"'Yata," ya ce wa nas ɗin, "wannan bel ne ke juya shi kamar keken ɗinki, ko ƙaramin inji ne a ciki?"

"Wallahi Baba ban taɓa buɗewa ba."

"Kada ki buɗe. Yana tafiya daidai."

Nas ɗin ta yi dariya, har Malama ta ji bakinta ya motsa da murmushi, karo na farko tun da ta baro aji.

Bayan wankin, abubuwa suka juya. Bugun zuciyar ya daidaita. Aka sake wani wankin, jakar ta fara cika da kanta, kumburin ya saɓe. Wata safiya Inna ta tashi zaune ba wanda ya ɗaga ta, ta gyara ɗankwalinta, ta dubi zanen gadon ta ce wanda ya yi masa kalmasa bai iya aiki ba. Auta ya yi tsalle kamar yaro.

"Ta dawo! Yaya, kin ji? Inna ta dawo!" Ya durƙusa gaban gadon. "Inna, kin ba mu tsoro."

Inna ta dube shi da fara'a irin wadda take yi wa baƙi. "Sannu, malam. Matarka ce ta aiko ka? Ka ce mata ta ƙara haƙuri."

Auta ya yi dariya, yana jiran ita ma ta yi. Ba ta yi ba.

Da hantsi likita ya zo zagaye. Ya duba sakamakon jini, ya ce kalsiyam ya koma daidai, ƙoda tana tasowa, za a fara ba ta ruwa kaɗan-kaɗan da cokali. Sannan ya tsaya gaban Inna ya tambaye ta ko ta san inda take, ta ce gidan ƙanwarta ne. Ya nuna Malama ya ce wace ce wannan, ta ce wata baiwar Allah ce mai kirki. Ya nuna Baba. Ta ɗan kawar da kai tana murmushi, ta ce, "Wannan ai mai gyara ne."

Likita ya kira su uku zuwa ɗan ofishinsa, ya rufe ƙofa.

"Baba, jininta ya gyaru, amma kanta bai koma ba. A tsofaffi wani lokaci yakan ɗan ja baya, sai dai ina bukatar in san abu ɗaya. Kafin ta sha abin nan, yaya take? Idan lafiyarta ƙalau, to akwai abin da ban gano ba, sai in tura ta hoton ƙwaƙwalwa, in ci gaba da huda ta ina nema. Idan kuwa dama akwai wani abu, ka gaya mini, kada in wahalar da ita a banza."

Baba ya zuba wa tafin hannunsa ido. Fanka tana juyawa a sama. Auta yana duban wannan yana duban wancan.

"Baba," in ji Malama a hankali. "Na shiga ɗakin gaba. Na ga keken."

Tsohon ya ja dogon numfashi. Da ya fara magana, likita yake kallo, ba 'ya'yansa ba.

"Ya daɗe, likita. An yi damina uku ko fiye. Da farko ƙananan abubuwa ne. Ta zuba gishiri a shayi. Ta yanka yadin mutane ta manta na wa ne. Wata rana ta fita sayen zare a layin da ta yi shekara arba'in tana bi, sai wani mai shago ne ya rako ta gida. Ran nan ta zauna a bakin gado ta yi kukan da ban taɓa ganin ta yi ba. A lokacin ta san abin da ke samun ta. Ta ce mini, kada ka gaya wa yaran nan. Kada su bar ayyukansu su zo su zauna suna kallo na. Na ce to. Daga baya ita ta manta ta faɗa. Ni ban manta ba."

"Amma muna magana da ita a waya," in ji Auta.

"Ina gefenta. Ni nake raɗa mata abin da za ta ce."



"Na kulle komai," Baba ya ci gaba. "Wuta, wuƙa, magani, famfo, don takan buɗe ta bar shi har ruwa ya cika gida. Kabad ɗin kaɗai na bar mata, tana son taɓa yadukanta. Robobin suna can ƙasa bayan kaya, sun fita daga raina. Ran nan na shiga wanka. Kullum ina ajiye mata kofin ruwa kusa da ita kafin in shiga. Ran nan ban ajiye ba. Ƙishirwa take ji. Ta nemi ruwa a gidanta ta tarar na kulle ko'ina."

Auta ya miƙe ya fita. Ta ƙofar da bai rufe ba suna jin sa a baranda, ƙato da shi, yana shessheƙa.

A hanya daga gidan, ranar da ta je ɗauko robar, Malama ta shirya maganganu da yawa. Ta so ta tambaye shi da wane dalili zai ɓoye mata uwarta, ya bar ta tana zuwa tana tafiya kamar baƙuwa, alhali da ta sani da ta zauna da ita lokacin da take iya gane ta. Maganganun suna nan, ba su tafi ba, kuma ta san za su daɗe. Amma ta dubi wuyansa yadda ya rame cikin rigar, da idanunsa da suka yi zuru-zuru, ta gane cewa mutumin nan ya yi shekaru bai yi barci da ido biyu a rufe ba.

"Da ka gaya mini, Baba," abin da ta iya cewa ke nan.

"Na sani, Uwata."

Likita ya bari suka ɗan nitsu, sannan ya ce hoton za a yi shi duk da haka, amma ba da gaggawa ba. Ya ce akwai sashen masu ciwon mantuwa a asibitin, ba warkarwa suke yi ba, amma suna rage wa mai ciwo da masu jinya wahala. Ya ce irin wannan jinya ba ta mutum ɗaya ba ce, ko matashi ne. Sannan ya jawo abin awon jini ya ce, "Baba, miƙo hannunka. Kai ma ban yarda da kai ba."

Inna ta ƙara kwanaki a asibiti. Daga cokalin ruwa aka koma romo, daga romo aka koma abinci mai laushi. Aka cire bututun wuyan. Ƙodar ba ta koma kamar da ba, likita ya ce za a riƙa kawo ta gwaji, a kuma kula ta riƙa shan ruwa sosai, kada a ba ta wani maganin ƙarin ƙarfin ƙashi sai da saninsa.

Auta ya dage sai ya tafi da su gidansa, akwai ɗaki, akwai matarsa. Baba ya ce a'a. Ya ce a gidanta ƙafarta ta san hanyar banɗaki ko kanta bai sani ba, idan aka kai ta wani wuri komai zai ɓace mata gaba ɗaya. Suka yi ta ja, har Malama ta raba su. Ta ce ta nemi a dawo da ita wata makaranta a garin, kafin a amince kuma ta ɗauki hutu. Auta zai riƙa zuwa duk wata. Maƙwabciya, da ta ji labarin, ta tafa hannu ta ce ita dama ta daɗe da zargin wani abu, kunya ce ta hana ta tambaya, kuma daga yau kada a sake rufe mata ƙofa.

Kafin a sallamo Inna, Malama da Auta suka bi gidan ɗaki-ɗaki. Suka fitar da sauran robobin, da ruwan wanke masai, da maganin ɓera da ke bayan buhu, da kananzir da wani ya zuba a kwalbar lemo. Abin da ba a iya rabuwa da shi Auta ya kafa masa akwati a can sama a ɗakin ajiya. Suka sayo jarkoki masu murfi, suka cika da ruwan sha, suka ajiye a kowane ɗaki inda ido zai gani.

Ranar da suka dawo gida, bayan azahar, Malama ta yi wa Inna wanka, ta shafa mata mai, ta zaunar da ita a tabarma a falo tana taje mata kai. Baba ya ce zai ɗan zauna a doguwar kujera ya ga yadda take yi, don Inna ba ta son a ja mata gashin ƙeya. Bai gama faɗa ba kansa ya langaɓe. Barci ya ɗauke shi da takalmi a ƙafa, bakinsa a ɗan buɗe, hannu ɗaya yana lilo.

Malama ta yunƙura za ta tashe shi ya koma gado. Inna ta dafa mata gwiwa.

"Ƙyale shi, baiwar Allah," ta ce da raɗa. "Tun safe yake yawon gyara, bai huta ba."

"To, Inna."

"Ki sakar masa labule, rana na dukan fuskarsa."

Malama ta tashi a hankali ta saki labulen. Ta zare masa takalman, ta ajiye a gefe. Sannan ta koma bayan uwarta ta ɗauki matajin, ta ci gaba daga inda ta tsaya.